"Akwai" Ɗin Kwamfuta da "Akwai" Ɗin Kasuwa

Duk wanda ya tashi ana aikensa kasuwa ya san cewa kalmar "akwai" ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Wani mai shagon in ya ce akwai, hannu zai miƙa ya sauko maka da kayan daga kanta. Wani zai ce ka zauna, ya tura yaro sito ko shagon maƙwabci. Wani kuwa nufinsa ya taɓa ganin abin a Kano, in ka ba da kafin alƙalami zai zo maka da shi mako mai zuwa. Daga muryar mutum muke gane wanne yake nufi. Sai a shekarar 2022 na san cewa kwamfuta ma tana da nata "akwai" ɗin, kuma rashin gane shi ne ya ci ragon mahaifiyarmu.

A shekarar ce ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aikin wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ƙanena, wanda saura shekara guda ya kammala karatun injiniyan lantarki, ya tattaro littattafansa da tsohuwar kwamfutarsa ya dawo gida Dingyadi, a ƙaramar hukumar Boɗinga. Dawowarsa ta zo daidai da ƙarancin fetur ɗin da ya biyo bayan shigo da gurɓataccen mai ƙasar nan. Mahaifinmu yana da lambun albasa da tattasai, da injin ban ruwa mai shan fetur. Yaron ya yi makonni yana ɗaure jarka a bayan babur, yau Boɗinga, gobe Shagari, jibi cikin garin Sakkwato, wata rana ya dawo da lita biyar, wata rana ya dawo hannu rabbana. Albasa kuwa ba ta san ana layin mai ba. In ta yi kwana uku ba ruwa a zafin Maris, ganyenta kan nuna.

A nan ya yanke shawarar abin da zai gina a matsayin aikinsa na kammala digiri: na'urar da za ta shiga tsakanin farantin sola da injin famfo. Wutar da farantin ke bayarwa tana hawa da sauka gwargwadon rana, hazo ya rage ta, gajimare ya datse ta. Injin kuwa yana son wuta mai juyawa, daidaitacciya. Dole a sami wani abu a tsakiya da zai riƙa kunna wutar yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, yana auna ƙarfin rana yana daidaita gudun injin. Ana sayar da irin waɗannan na'urori a kasuwa, amma shi so yake ya ƙera tasa, wadda in ta lalace zai san inda zai taɓa.

Ayisin da ake wankewa kamar allo

Masu gyaran waya suna kiran ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke manne a fanel da suna ayisi. Yawancinsu kamar bugaggen littafi suke, abin da masana'anta ta rubuta a ciki ya zauna ke nan. Akwai wani nau'i da ake kira FPGA, wanda ya fi kama da allon makaranta: ka rubuta, ka wanke, ka sake rubutawa. Cikinsa dubban ƙananan ɗakunan lissafi ne, da hanyoyin waya a tsakaninsu da ba a riga an haɗa ba. Injiniya ne ke tsara wane ɗaki zai haɗu da wanne. Ƙanena ya kwatanta wa mahaifinmu da lambu: fangali-fangali ne a jere, kai ne mai buɗe wannan hanyar ruwa ka toshe waccan, kuma ruwan yana iya shiga fangali goma a lokaci guda. Wannan shi ne fifikonsa, yin ayyuka da yawa a tare ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ba.

Wani injiniyan Amurka, Ross Freeman, shi ya ƙirƙiro dabarar. Kamfanin da suka kafa a 1984, Xilinx, ya fitar da na farko a kasuwa a 1985, kuma a Fabrairun 2022 kamfanin AMD ya kammala sayen Xilinx ɗin. Manhajar da ake tsara waɗannan ayisoshi da ita sunanta Vivado, ta fito a 2012. Girmanta gigabait gomomi ne, abin da datar waya ba za ta ɗauka ba, don haka ƙanena kwafo ta ya yi daga wurin wani abokin karatunsa. A ƙasan fuskar manhajar akwai ɗan fili da ake rubuta umarni da wani yaren kwamfuta mai suna Tcl, wanda John Ousterhout ya ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a ƙarshen shekarun 1980. A wannan ɗan filin ne labarinmu ya faro.

Na je gida ƙaramar Sallah a farkon Mayu. Da dare, a zaure, bayan ya karɓo kwamfutar daga wurin mai caji, ya ce, "Yaya, taho ka ga wani abu." Ya rubuta get_parts, ya danna. Sunaye suka zubo, ɗaruruwa, haruffa da lambobi a cakuɗe, har suka cika fuskar kwamfutar. Ya sake rubuta umarnin, wannan karon ya ƙara xc7a35t da alamar tauraro a bayansa, wato a nuno masa duk wanda sunansa ya fara da haka. Jerin ya taƙaita. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya: xc7a35tcpg236-1.

Ya karanta mini sunan kamar mai karanta nasaba. Lamba 7 ita ce zuriyar, harafin a dangin Artix ne, 35 na nuna girman cikinsa, ɗakunan lissafi 33,280. Sai cpg236, wato irin rigar da aka sa masa, mai ƙafafu 236. Lamba 1 ta ƙarshe kuma matakin saurinsa. Ya zaɓe shi ne saboda shi ke kan wani fanel na koyo mai suna Basys 3, wanda darussa da dama na intanet ke amfani da shi.

"Duk waɗanga akwai su," in ji shi.

Na ce, "Akwai su a ina?"

Ya nuna fuskar kwamfutar. "Ga su nan."

Ni da aikina tambaya ne, ban ƙara ko ɗaya ba. Na ga jeri mai tsari, da lambobi, daga babban kamfani, sai na sallama. Har yau ina ganin rabin laifin nawa ne.

Abin da jerin yake faɗa

Umarnin bai yi ƙarya ba. Amsa ya bayar ga tambayar da aka yi masa, mu ne muka zaci wata tambayar muka yi. Abin da get_parts ke lissafowa shi ne ayisoshin da manhajar da ke kan wannan kwamfutar ta san yadda za ta tsara. Lokacin saka manhajar ana zaɓar dangin da ake so, kuma wanda ba a zaɓa ba ba zai fito a jerin ba. Sigar kyauta ma ba duka take ɗauke da su ba. In ka nemi cikakken bayanin ɗaya daga cikinsu, za ta faɗa maka yawan ɗakunansa, da yawan ma'ajiyarsa, da ƙafafun da za ka iya amfani da su. Ba ta da layin farashi, ba ta da layin yawan da ya rage a sito, balle ranar da zai iso Sakkwato.

Ashe "akwai" hawa uku ce a wannan sana'a. Ta farko, kamfani yana ƙera abin. Ta biyu, manhajarka ta san shi. Ta uku, kana iya riƙe shi a hannu, da kuɗin da kake da shi, a lokacin da kake bukata, kuma kana da kayan aikin da za ka manna shi. Ga injiniyan da ke Jamus ko Amurka, a shekarun lafiya, ukun nan kusan abu ɗaya ne: ya zaɓa a manhaja, ya yi oda a Digi-Key ko Mouser, kwana biyu ko uku a kawo masa ƙofar ofis. Littattafan da ɗalibanmu ke karantawa a can aka rubuta su, shi ya sa suke koyar da cewa ka fara zaɓar ayisin da ya dace, sannan ka gina aikinka a kansa. Ga ɗan Dingyadi kuwa, tsakanin hawa na biyu da na uku tafiya ce mai nisa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A 2022 ma har waɗancan injiniyoyin sun ɗanɗana. Annobar korona ta hargitsa masana'antu da jigilar kaya, bukatar kwamfutoci ta ƙaru, ayisi ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Xilinx ba shi da masana'antar kansa. Irin ayisin da ƙanena ya zaɓa kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera masa, kamfanin da manyan kamfanonin duniya ke layi a ƙofarsa. A 2021 Ford da General Motors da Toyota duk sun rage ƙera motoci saboda rashin ayisi, Tesla kuma ya sake rubuta manhajar motocinsa don ta yi aiki da waɗanda ya iya samu. Wasu nau'o'in FPGA sai an jira kusan shekara ko fiye. In kamfanin mota na jira, ina ga ɗalibin da ke son ƙwaya biyu?

A gida kuma ga namu ƙulli. A shekarar bankuna da dama suka rage abin da za a iya kashewa a ƙasashen waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Fanel ɗin Basys 3 ya haura dala 100 kafin kuɗin jigila. Na tambaya masa a Farm Centre a Kano, wani abokin aikina ya zaga Computer Village da Alaba a Legas. Masu shaguna sun san ayisin caji da na wutar fuskar waya kamar yunwar cikinsu, amma wannan suna ba su taɓa jin sa ba.

Ragon Inna

Kafin mu gane haka, ƙanena ya riga ya yi wata biyu yana gina tsarinsa a kan wannan ayisi, kowace ƙafa ya ba ta aikinta. Sai ya ga wani mai sayarwa a intanet da ya ce yana da shi a hannu. Inna tana da rago da take kiwo don kasuwar layya. Ta sayar da shi a farkon Yuli, ta ƙirgo masa naira dubu saba'in, ta ce Allah ya sa albarka. Ta hannun wani mai asusun dala aka biya.

Bayan mako bakwai wata 'yar leda ta iso, ɗauke da ƙwaya biyu. Kowanne faɗinsa milimita 10 ne, bai kai farcen babban yatsa ba. Na raka shi wurin wani mai gyaran waya a cikin garin Sakkwato, mutumin da bai wuce sakandare ba amma hannunsa ya san dalma. Ya sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa.

"Injiniya, wanga tsoho na," in ji shi. "An cire shi daga wani fanel, an goge bayanai, an sake buga suna. Dubi dalmar, ba ta kamfani ba ta."

Ya nuna mana sawun gogewa a bayan, da ƙananan ƙwallayen dalma da ba su yi girma ɗaya ba. Ya ce ko sunan da ke jiki ma babu tabbas nasa ne. Sannan ya ƙara abin da ya fi wannan ciwo. Ƙafafun 236 ɗin nan ƙwallaye ne a ƙarƙashin ayisin, rabin milimita tsakanin kowanne da na kusa da shi. Shi zai iya manna shi da bulowa, kullum irin aikin da yake yi ke nan a wayoyi. Amma a kan wane fanel? Irin wannan sai fanel mai hawa-hawa, wanda wayoyinsa ke bi ta ciki, kuma shi bai san mai buga irinsa a kusa ba. Ko da ayisin sabo ne fil, da ba mu da inda za mu ɗora shi. Amsar tana cikin sunan tun daren farko, a cikin cpg236 ɗin da ƙanena ya karanta mini da alfahari.

A motar komawa bai ce uffan ba har muka wuce Boɗinga. Mahaifinmu bai yi faɗa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Irin da anka aje rumbu shi aka shukawa, ba wanda anka ji labarinai ba." Inna kuwa cewa ta yi rago dai ba a kansa aka fara asara ba, ta miƙa masa tuwo.

Tambayar da aka juya

An koma makaranta a Oktoba. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500. A tsakiyar Yuni aka saki naira, dalar da take kusan 460 a hukumance ta kama hanyar da ta kai ta sama da 1,500 a farkon 2024. Ban ruwa da fetur ya zama abin da sai an yi lissafi, kuma duk abin da ake saye da dala ya ƙara nisa.

Wannan karon ƙanena kasuwa ya fara zuwa kafin ya buɗe kwamfuta. Ya sami wani ɗan kasuwar Kano da ke sayo kayan waya daga Shenzhen a ƙasar Sin, ya tambaye shi wane fanel mai FPGA ake samu da araha, wanda an riga an manna komai a kansa. Bincikensu ya kai su ga EBAZ4205. Fanel ne da kamfanin Ebang ya yi don sarrafa injinan haƙar Bitcoin. Da injinan suka tsufa, aka riƙa ciro fanel ɗin ana sayarwa a matsayin gwanjo, a kan daloli ƙalilan. A kansa akwai ayisin Xilinx na dangin Zynq, mai ɗakunan lissafi kusan 28,000, haɗe da ƙwaƙwalwar ARM guda biyu. Ya biya da naira, ya sayi uku saboda tsaro, suka zo cikin kayan ɗan kasuwar.

Ya kira ni ranar da ya zauna gwadawa, yana dariya. Ya rubuta get_parts xc7z010 da tauraronsa, manhajar ta ce ba ta ga komai ba. Ga ayisin a tafin hannunsa, kwamfuta na cewa babu. Dalili kuwa, lokacin da ya saka manhajar bai zaɓi dangin Zynq ba. Sai da ya shiga gari ya sami intanet mai ƙarfi ya ƙara shi, sannan sunan ya fito: xc7z010clg400-1. Umarni ɗaya ne da na daren Sallah, amma yanzu tambayarsa ita ce ko manhajar ta san abin da ke hannunsa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Fanel ɗin ba don koyo aka yi shi ba, sai da mai gyaran wayar nan ya ƙara masa wasu ƙananan abubuwa da dalma kafin ya karɓi sabon tsari. Ɗaya daga cikin ukun ya zo a mace. Tsarin da ya yi wata biyu yana ginawa sai da ya sake raba wa ƙafafunsa aiki daga farko. Ya kuma amsa mini da bakinsa cewa ƙaramin ayisi mai araha, irin wanda ake samu a Kano, zai iya yawancin aikin, son koyon FPGA ne ya ja shi. A ranin 2024 aka gwada na'urar a lambu da ƙaramin famfo. Ranar farko ta ɗauke sau huɗu, duk lokacin da hazo ya taso. Ya gyara lissafin a daren, ya wanke allon ya sake rubutawa, washegari ta ba fangali goma sha biyu ruwa kafin azahar. Mahaifinmu bai sayar da injin fetur ɗinsa ba, yana nan a rumfa saboda ranar da rana ta ƙi. Amma jarkar da take ƙarewa a kwana biyu yanzu takan kai mako.

Ni ma na ɗauki nawa darasin zuwa ɗakin labarai. Rabin takardun da ke zuwa teburina jeri ne: kayan aikin da aka ce an samar, magungunan da aka ce suna nan, rijiyoyin da aka ce an haƙa. Sau da yawa mai jerin bai yi ƙarya ba. An amince da kuɗin, ko an ba da kwangilar, ko kayan suna wani sito a babban birni. Kowanne "akwai" ne a matakinsa. Da can nakan ɗauki jerin in rubuta labari. Yanzu nakan tambayi wane mataki ake nufi, wa ya riƙe abin a hannunsa, kuma in ya riƙe, yana da inda zai ɗora shi? Ina ganin malamanmu na injiniya ma za su taimaki ɗalibai in suka sa wannan tambaya a shafin farko na kowane aikin kammala karatu, kafin a zana ko layi ɗaya: a ina za ka saya, nawa ne yau, wa zai manna maka? Masu gyaran waya sun san amsoshin nan, kuma ƙofar shagonsu a buɗe take.

Ƙanena ya kammala, ya tafi hidimar ƙasa. Daga alawus ɗinsa ya riƙa tarawa har ya sa aka saya wa Inna ɗan rago a kasuwa, ya kira ta a waya don ya yi mata albishir kafin a kawo. Ina zaune kusa da ita, na ji yana cewa, "Inna, na biya bashi, akwai ragonki."

Ta gyara riƙon wayar, ta ce, "Madalla. Ina shike? Cikin garke, ko cikin kwamfuta?"